Ɗaliban Makarantar Mai Rake

A wasu mashayu na Faransa da Amurka akan tara sababbin shiga da maraice, a jera musu kofuna, wani gwani ya tsaya yana koya musu yadda ake shinshina giyar inabi, a kurɓa, a tofar, sannan a faɗi abin da harshe ya ji. Har kuɗi suke biya. Musulmin ƙasar Zazzau ba ruwansa da wannan aji, amma wanda ya ce ba mu da makarantar ɗanɗano bai taɓa tsayawa gaban baron mai rake ba a Makarfi, ko Hunkuyi ta Kudan, ko bakin tashar Ikara, lokacin da hunturu ya sauko aka shiga saran rake a fadamu. Babu allo, babu kuɗin makaranta. Malamin wuƙa ce a hannunsa, darasin kuwa gutsuren da yake miƙowa ne yana cewa, "Ɗanɗana ka ji, Alhaji." Ɗanɗano ilimi ne na gaske, sai dai a ajinsa masu baki sun fi masu sani yawa, kuma ma'aunin raba su ɗaya ne: a duba wanda in ya yi kuskure aljihunsa zai ji a jika.

Ɗalibin da ya fi kowa zuwa aji a kan kari shi ne Malam Bari-in-ji. Daga baron farko yake farawa, ya karɓi gutsure, ya tsotse, ya ɗaga kai sama kamar mai lissafin gado, ya ce, "To, bari in zagayo." Kafin ya kai baro na bakwai ya karya kumallo, ko sisi bai fita daga aljihunsa ba. Masu rake sun san shi sarai, shi ya sa suke yanko masa daga can saman kara inda zaƙi bai kai ba, shi kuma ya shekara goma yana yabon abin da akuya ce ya kamata ta ci. Kusa da shi akwai Baƙon Birni, wanda ya tsayar da mota a kan hanyarsa ta komawa Kaduna ko Abuja. Da ido yake saye: ya zaɓi mafi kauri, mafi tsawo, mafi sheƙi, ya sa a kankare, a yayyanka, a zuba a leda. Duk abin da aka faɗa masa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne." Da za a miƙa masa takanɗa a ce sabon iri ne, da ya sayi dami biyu ya kai wa surukai tsaraba.

Sai babban ɗalibi, Farfesan Fadama. Wannan da tauna ɗaya yake gaya maka gonar da aka saro raken, da wanda ya shuka shi, da irin takin da ya sha. "Wannan na Hunkuyi ne, ƙasarsu ce ke ba shi wannan gardin." Mai rake, wanda ya san daga inda ya ɗauko kayansa, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kankara, don ba a jayayya da mai jawo ciniki. Raba kara ɗaya biyu ka miƙa wa Farfesa a ɓoye, zai yabi rabi ya tsine wa rabi. Kada a yi masa dariya da yawa, yana da 'yan'uwa masu digiri. A 2001 masu bincike a Jami'ar Bordeaux sun rina farar giya ta koma ja, suka ba ɗalibai 54 masu karatun giya, ɗaliban suka yi ta siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Kafin nan, a 1976 a Paris, an ɓoye sunayen kwalabe aka ba manyan alƙalan giya na Faransa su ɗanɗana, sai ga shi giyar Kalifoniya suka ɗora a kan tasu, fara da ja. Ashe ido da kunne kan riga harshe yanke hukunci, a can da nan.

Akwai kuma Baba Raken-Da, wanda a wurinsa zaƙi ya ƙare tun ranar da aka daina ɗaura doki yana juya injin matsar rake. Yana faɗin haka ne yana mamular ɗan guntun mazarƙwaila, domin haƙoran da za su iya da kara sun riga zaƙin tafiya. Duk da haka maganarsa ba duka ce shirme ba: raken da aka cika wa takin zamani dab da sara yakan yi jiki ya tara ruwa, zaƙi ya ragu. Na ƙarshe a masu baki shi ne Dillali Mai-ɓata-rai. Ruwan rake na gangarowa har gwiwar hannunsa, shi kuwa ya yamutsa fuska yana cewa, "Kai, lami ne, sai dai a taimaka maka." Wannan ya sani, amma saninsa na sayarwa ne. Da zarar dami ya zama nasa, raken nan da ya kira lami ya koma zuma.

Mai karatu zai iya cewa, in haka ne ai duk abin tatsuniya ce, zaƙi zaƙi ne, sauran cika baki. Amsar tana can gefe, wajen ɗalibin da ba ya magana: mai dafa mazarƙwaila, wanda zai sayi raken gona guda. Shi ba ya ɗaga kai sama. Yakan dubi tsawon gaɓa, ya ƙwanƙwasa kara, ya sa a yanko masa gindi da tsakiya da sama, domin ya san zaƙi daga gindi yake taruwa, kuma raken da samansa ya kusa kamo gindinsa shi ne ya nuna. Yakan tsaga ya duba ko cikin ya yi ja, alamar ciwo, ya shinshina ko ya fara tsami, domin raken da ya kwana da yawa bayan sara zaƙinsa lalacewa yake, in an dafa ruwansa ya ƙi daskarewa. In ya yi kuskure, itacensa da jarinsa ne za su ƙone a banza, shi ya sa harshensa ba ya yi masa ƙarya. Harshen Hausa ma shaida ne. Mutanen da suka raba zaƙi da gardi, tsami da bauri, ɗaci da maƙaƙi, suka ware lami da ƙauri, ba su ƙirƙiri kalmomin nan don ado ba. Sun ji bambancin ne suka raɗa masa suna.

Wani kuma zai ce, to a kori masu surutun mana, tunda asara suke jawo wa mai rake. Nan ma akwai gyara. Taron da Farfesa ya tara shi ke tsayar da motar Baƙon Birni, gardamar Baba da Dillali ita ke sa yaron da ke tsaye a gefe ya fara tambayar me ya sa gindi ya fi sama. Mai dafa mazarƙwailan nan mai shiru, shi ma a irin wannan da'irar ya fara, yana yaro yana tsotson ƙulli yana sauraron ƙarya da gaskiya har ya iya tace su. Gutsuren da mai rake ke bayarwa kyauta jari ne, ko da yake Malam Bari-in-ji ya cinye ribar.

Saboda haka, in hanya ta bi da kai Makarfi a wannan hunturun, ka saurari Farfesa don nishaɗi, ka gaida Baba, amma ka lura da damin da mai shirun nan ya ɗora wa hannu. Ka ce a yanko maka daga gindi, in ka ɗanɗana kuma ka saya, ko da gaɓa biyu ce.