Jinjina ga Tawada Marar Suna

A gaishe ki tawadar kwalba, marar suna marar asali! Kin ratso kasuwannin Ƙonni da Illela, kin sauka Tsarnawa inda hanyar Tahoua ta rabu da titin Maraɗi, kin tare a cikin firintar mai hoto, kin sauke wa jama'a nauyin tuna baya.

Mutanen da sun sha takura. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yana ɗaukar baƙi da fari, har yau ana ganin matan zamanin sak, har zanen atamfarsu. Ina adalci a nan? Mace ta tsufa, hoto ya ƙi. Ke kuwa kin san ya kamata: kafin amarya ta yaye ɗan fari, hotonta ya riga ta furfura.

Masu ɓarnar kuɗi suna ta yabon kishiyarki, tawada mai ƙwayoyin launi da ba sa narkewa, wai tana jure rana da laima shekaru da dama. Taurin kai ke nan. Ke narkakken rini ce, mai ƙyalli ranar biki, mai saurin sallama. Hasken taga ya ci rabonsa, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya ƙara masa hanzari, damina ta zo launi ya malale. Kuma don tsabar ladabi ba kya tafiya gaba ɗaya. Kowane launi da ranar tashinsa, shi ya sa angon da ya sha farar shadda kan wayi gari kore shar, ba a karɓi ko dala ta rini ba.

Wani Ba'amurke, Henry Wilhelm, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a Iowa yana haska wa hotuna fitila don auna shekarun da za su kai. Wai firinta da tawada da takarda tare ake gwada su, aka sauya ɗaya lissafi ya rushe. Mai hotonmu ya fi shi basira: tawada daga nan, takarda daga can, duk wadda ta fi araha. Masu cewa araha ba ta ado ba su ga hoton ba ranar da aka miƙo shi.

A shekarar 2000 kamfanin Epson ya shiga uku da hotunan wasu firintocinsa suka koma ruwan lemo, saboda iskar ozon tana cinye shuɗi. Ya yi ta neman gyara, bawan Allah. Abin da ya ba shi kunya, mu nan da kuɗinmu muke saye.

Ga kuma raya sana'a. Alhaji ya sayar da albasa, ya rataya hoton dawowarsa daga Makka a zaure. Bayan ɗan lokaci ya mayar da shi shago, fuska ta dusashe, sai hula.

“Ranka ya daɗe, rana ce ta buge shi. Kawo wayar a sake wankewa.”

Alhaji ya sake biya, har da godiya. Aka sake ɗura ki a firinta.