Shamuwa Ba Ta San "Tsaya In Ɗauke Ki" Ba

Mu dai a nan Gwarzo, da zarar shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bakin masallaci, zancen majalisa ya sauya ke nan. Dattawa su ce ruwa ya kusa, a duba iri, a kai garma maƙera. Samari kuwa yanzu waya suke zarowa. Bana ma haka aka yi. Mutum biyar suka ruga gindin bishiyar, kowa ya ɗaga Tecno ɗinsa, wani har da kuwwa, "Ga ta nan, ga ta nan!" Tsuntsuwa ta buɗe fiffike ta yi gaba. Da aka dawo benci ana duba abin da aka samo, ganye ne da sararin sama.

Kawu mai shayi yana fifita wuta ya ce, "Ku yaran nan, sheƙa fa take yi. Kara ta tafi ɗaukowa, ina za ta je? Da kun zauna da ta dawo ta same ku."

Ta kuwa dawo, amma sai bayan an watse.

Abin da ke damuna shi ne mu ba baƙin jira ba ne. Mu ne muke binne gero a busasshiyar ƙasa, mu koma gida muna kallon gabas. Ka je dam ɗin Guzuguzu a ƙasar Kabo da sassafe, ka ga masunci ya jefa ƙugiya ya yi tsit, ko tari ba ya yi. Kakanninmu maharba har kan burtu suke ɗaurawa, su yi ta rarrafe cikin ciyawa don kada nama ya farga. Amma da waya ta shigo hannu, sai duk wannan gado ya bi iska.

Wani yayanmu da ya yi sana'ar hoto a zamanin fim ya ce laifin araha ne. A da fim ɗin Kodak hoto 36 ne, wani 24, kuma sai an kai Kano an wanko kafin ka san abin da ka yi. Ya ce, "Ƙanena, kowane danni kuɗi ne. Sai na riƙe numfashi, na ga idon doki ya juyo, sannan in danna." Yau yaro zai ɗauki hoto 200 a hawan Sallah, ya rasa ɗaya da zai nuna wa mahaifiyarsa.

Kowace halitta da lokacinta, kuma mun san shi sarai. Shamuwa wajen Afrilu zuwa Mayu take iso mana, ta yi ƙwai, ta yi renon 'ya'ya, da kaka ta nufi kudancin Afirka. Wata da watanni tana kan bishiya ɗaya, wace gaggawa ake yi? Balbela da rana tana bin sawun shanu, dab da magariba ta dawo makwanci garke guda, bishiya ta yi fari fat. Shirwa tana shawagi a kan mahauta, kuma sai ta kewaya kafin ta kawo sura. Ƙadangare mai jan kai in ya hau katanga yana shan hantsi, ka tsaya cik, zai ɗaga ƙirji ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗawar ita ce hoton.

Haske ma haka. Da tsakar rana inuwar malafa takan rufe fuskar mutum, farar riga ta ƙone a hoto. Bari hantsi ya ɗan ɗaga, ko a sauko daga La'asar, ka sa rana a bayanka. Ka goge idon kyamara da gefen riga, musamman da hunturu. Ka daina jan hoto da yatsu, yana dusashewa. Ƙafa ake matsawa da ita, a hankali.

Ga mutane kuwa, halinmu ɗaya ne: "Ku matso, ku gyara hula, ku dubo nan!" Sai kowa ya sandare. Hoton da na fi so a wayata a kasuwar Getso na ɗauke shi. Na gaida wani dattijo mai awon dawa, na ce, "Baba, ka yarda in ɗauke ka kana aiki?" Ya ce bismillah. Na zauna kan buhu kusan rabin awa, har ya manta da ni. Da ya tsiyayo hatsi daga tiya, rana ta ratsa ƙurar, na danna sau ɗaya. Neman izinin nan wajibi ne, balle ga matan mutane da 'yan mata masu talla.

Samarin unguwa, shamuwa tana nan kan tsamiya har yanzu, 'ya'yanta sun fara leƙowa daga sheƙa. Gobe bayan sallar Asuba ku zo biyu-biyu, ku kashe ƙarar waya, ku zauna a dakalin masallaci.