Tarakta da Garmar da Ta Ƙi Tashi

Manoman Dutsin-Ma da Kurfi sun san tsohuwar Massey Ferguson ba ta ƙin ɗaga garma sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Haidirolik, wato ƙarfin man da famfo ke turawa ya ɗaga hannuwan baya, mai ɗaya yake sha da giya, saboda haka idan man ya ragu, ko ya yi fari don ruwa ya shige shi, ko matatarsa ta toshe, sai hannuwan su kama karkarwa. Bakanike kan zargi famfo, domin ya fi tsada, mai tarakta kuma ya zargi maƙiya, alhali ba wanda ya duba man tun bara. Kafin su daidaita, shanun huɗar maƙwabci sun gama gonar.