Ga Ni Nan Tafe: Masu Gyaran Wutar Birni, Kowa da Halinsa

A Damagaram da baki ake neman mai gyaran wuta. Daga turken lantarki zuwa mita aikin NIGELEC ne, kamfanin da ke riƙe da wutar ƙasar Nijar tun 1968. Daga mita zuwa ƙuryar ɗakinka kuwa, kai da Allahnka ne, sai wanda maƙwabci ya ce ya sani. Da zarar fanka ta tsaya cikin watan Afrilu, lokacin da duwatsun Birni ke amayar da zafin rana har bayan isha'i, sai ka leƙa fadar samarin bakin lungu ka ce, "Wa ya san mai gyaran wuta na kirki?" Kafin a sauke shayi na biyu an cika maka kunne da sunaye, kowanne babu irinsa a garin nan. In ka bi salsala, kowanne ɗan ƙanen wani ne daga cikin masu ba ka shawarar.

Na gaba a cikinsu, wanda nake ji da shi duk da abin da ya sha yi mini, shi ne Malam Ga-Ni-Nan. Wannan bawan Allah bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Ka kira shi da hantsi, ya ɗauka da fara'a: "Ranka ya daɗe, ga ni nan tafe, ina daidai ƙofar fadar Sarki." Daga ƙofar fada zuwa gidanka ko tsohuwa mai sanda ba ta yin minti goma. Ka shimfiɗa tabarma a zaure, ka aiki yaro ya sayo ruwan sanyi. Azahar ta yi. Ka sake kira, yanzu yana Zango, wai ya biya ɗaukar tsani. La'asar yana kasuwar Dole, kana jin ihun ƴan kabu-kabu a bayansa. Wato tun safe mutumin bai yi ƙarya ba, tafiya yake yi, sai dai duk takun da ya yi ƙara nisa yake da kai. Da magariba waya a kashe. Washegari in kun haɗu a masallaci shi zai riga ka gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai ya ce jiya rasuwa aka yi musu a Mirriya. Dole ka yi masa ta'aziyya. Kakarsa ta wajen uwa, a iya lissafina, ta riga mu gidan gaskiya fiye da sau ɗaya, Allah ya jiƙanta duka.

Ranar da Allah ya kawo shi, da rana tsaka yake zuwa, daidai lokacin da ake sauke tukunya. A ci, a sha, a yi hamdala. Sannan ya hau tsani, ya kwance makunni, ya zazzago wayoyi su yi ta reto a bango, ya ja tsaki, ya sauko. "Alhaji, sai an sayo kaya. Kawo jika biyar in je Dole in dawo yanzu-yanzu." Don hankalinka ya kwanta sai ya bar maka jingina: tsani da yaronsa. Tsanin na aro ne, mai shi zai zo nema kafin la'asar. Yaron kuwa zai zauna a zaurenka yana latsa waya har a ba shi tuwon dare. In ka gaji ka ce, "Kai, ina maigidan naka?" sai ya ɗago kai ya ce, "Wallahi Baba, ni ma yau na fara aiki da shi."

Inda na sara masa shi ne fannin hujja. In ya zo babu wuta: "Ai ba a gane ciwon sai da wuta, a bari a kawo." In ya zo da wuta: "Haba Alhaji, so kake ta kashe ni? A bari a ɗauke." Wutar Damagaram da Maraɗi akasarinta daga Najeriya take zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Saboda haka da Najeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023, a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, gari ya shiga wahala, Malam Ga-Ni-Nan kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Duk makunnin da ya kwance bai mayar ba, CEDEAO ce ta jawo. An maido da layin a Maris na 2024, amma har yau akwai gidajen da yake gaya wa takunkumi ne.

Sai Malam Wa-Ya-Yi-Muku. Shi ba ya taɓa komai sai ya fara tsayawa ya riƙe haɓa ya yi salati. "Wane azzalumi ne ya yi muku wannan aiki? Allah ne kaɗai ya tsare ku." Uwargida daga bayan labule ta ce, "Ai kai ne, Malam, bara waccan, dab da azumi." Ko ido ba ya ƙiftawa. "To, Hajiya, an taɓa shi bayana."

Akwai kuma Mushe Mai-Takarda, wanda ya yi makarantar koyon sana'a ya fito da takardar shaidarsa ta CAP. Rigar aiki shuɗiya, na'urar awo mai allo, biro a aljihu, rabin maganarsa Faransanci. Gaskiya ɗaya ce, ya san aiki. Shi ne zai gaya maka waya mai lamba 1.5 ta ƙwan fitila ce, mai 2.5 ta wurin jona kaya, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana son tata wayar mai kauri da nata disjonktar ita kaɗai. Matsalarsa da Birni ce. Wannan unguwa da Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa a ƙarni na 19, gidajenta na tubali da azara ba a gina su da tunanin wata waya ba. Mushe zai tsaya gaban bangon da kakanka ya biya magina suka ƙawata da zane, ya ɗauko alli ya ja layi ta tsakiyar zanen, ya ce nan za a sassaƙe a binne bututu. Ya ce kuma sai an kafa sandar ƙarfe a ƙasa domin wayar kariya. A haƙa kamu biyu a ci karo da dutse, a koma gefe a sake cin karo da shi, don garin a kan dutse yake zaune. A ƙarshe ya miƙo maka takardar lissafi mai shafi biyu. Ka duba jimlar, ka haɗiye yawu, ka ce, "Madalla, Mushe, za mu neme ka." Shi da kai duk kun san an rabu ke nan.

Wanda ake nema a madadinsa shi ne Ɗan Kano. Ya yi shekaru yana koyon aiki wajen wani ubangida a can, ya dawo da hannu mai sauri da buhun kaya daga kasuwar Sabon Gari. Aikinsa da tsabta, kuɗinsa da sauƙi. Sai bayan ya tafi ka ɗauko filogin firjinka mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa, ka tarar ya dasa maka soket mai ramuka uku masu kusurwa irin na Ingila. Cikin bango kuma ya bi da ja da baƙi yadda ya koya, alhali wanda ya fara aikin gidan ja da shuɗi ya sa. Yanzu falonka Nijar ne, ɗakin kwana Najeriya, duk abin da za ka jona sai ka nemi mahaɗi ya yi maka fito.

Wasu ba sai an daɗe a kansu ba. Akwai Wuta-Ta-San-Ni, mai gwada waya da bayan yatsa, wanda ya ce kakansa ya ba shi asiri. Volt 220 dai ba ta san kakan kowa ba, kuma in ka lura gashin hannunsa na dama bai cika tsawo ba. Akwai Sarkin Sola: kafin 2023 cajin waya yake yi a bakin tasha, yau injiniyan hasken rana ne, zai ɗora maka faranti yana kallon inuwar bedi ya haɗa da tsohon batirin babbar mota, ya rantse har firji zai ɗauka. Akwai Komi-Da-Ruwanka, mai gyaran famfo da eriya da fanka da ƙofar ƙarfe, wanda in ka ce akuyarka ba ta cin abinci zai ce a kawo ya duba. Akwai kuma mai kayan aiki guda biyu tak, testa da salatif, wanda kowace cuta maganinta a naɗe.

Duk waɗannan ina iya shan shayi da su. Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai kashe mai gadi. Ka kira shi don disjonktar na yawan faɗuwa. Ai faɗuwar nan magana ce: ko kaya sun yi wa waya yawa, ko wani wuri ya sassauta yana zafi, ko wayoyi biyu na taɓa juna. Maimakon ya bi layi ya nemo ciwon, sai ya cire na'urar ya sa wadda ta fi ƙarfin wayar, ko ya tsallake ta gaba ɗaya da guntun jan ƙarfe, ya kaɗe hannu ya ce, "Shi ke nan Alhaji, ba za ta sake damunka ba." Daidai yake da wanda kare mai gadi ya hana shi barci da haushi, ya tashi ya ɗaure bakin karen ya koma ya kwanta. Shi ne kuma mai karɓar kuɗin waya mai kyau ya sayo siririya, ko irin wadda in ka kankare bakinta sai farin alminiyam ya bayyana ƙarƙashin jan fenti, ya binne ta inda ido ba ya gani. Wani lokaci har ya rage murya ya ce zai iya yi maka dabara mita ta rage gudu. Ranar da aka kama, kai za a ci tara, shi yana can wani gida. Ranar da waya ta yi zafi cikin dare, a ɗakin da rufinsa azara ne da zana, a lungun da motar ƴan kwana-kwana ba ta iya shiga, a garin da kowa ya san yadda ruwa yake wuya, yara ne ke kwance a ƙarƙashin aikinsa. Wannan ba wasa ba ne, cin amana ne, kuma ribar da ya ci a kai ba ta wuce jika biyu ko uku ba.

Sai dai shi ma ba daga sama ya faɗo ba. Akwai wani nau'i na ƙarshe da ba ya hawa tsani, amma shi ke ba da umarni daga kan tabarma: Maigida Lallaɓa-Mana. Shi ne ya sallami Mushe saboda tsada. Shi ne in an ce a canza waya yake cewa, "A dai lallaɓa, bayan salla ma gani." A soket guda ya jona firji da dutsen guga da talabijin da cajar duk ƴan gidan, ya ɗora littafi a kan filogin don kada ya zame. Yana da testa tasa ta kansa a aljihun gaba, yana tsaye bayan mai gyara yana nuna masa ja da shuɗi. In an gama aiki a yi ta ciniki har mai gyara ya haƙura da rabin kuɗinsa, a cika masa sauran da "Allah ya yi albarka." Ba zan faɗi sunansa ba. Lungunmu ɗaya, kuma tsawonmu ɗaya.

Jama'ar Birni, in za a sayo kayan wuta ku bi mai gyara zuwa kanti da ƙafarku. Ku karanta lambar da ke jikin waya, ku sa a kankare bakinta ku ga jan ƙarfe ne har ciki. Wanda ya yi aiki mai kyau ku biya shi haƙƙinsa cif, ku riƙe lambarsa. Wanda kuwa ya ce zai tsallake muku disjonktar, ku ba shi kuɗin kabu-kabu ya koma inda ya fito.