Zuwa Ga Taubashina, Mai Kyautar Takobin Tsafi

Ɗan mace, labarinka ya iso gida kafin kai. An tura ka Amurka neman ilimi, ashe daren Asabar tebur kake kafawa, kai ne mai jan ragamar Dungeons & Dragons, wasan nan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Kai ke ba da labari, abokanka kowa ya ɗauki jarumi guda, ɗan lido mai fuska 20 ya raba gardama. Tatsuniyar da Goggo ta yi mana kyauta a tsakar gida, ita ka je ka sayo da dala.

Ban ga laifinka a nan ba. Inda ka kwafsa shi ne ranar da son a yabe ka ya motsa, ka ɗauki takobin Vorpal ka danƙa wa jarumin da yake mataki na 3. Littafin jagoran wasan na 2014 ya kasa kayan tsafi daga gama-gari har zuwa na almara, ya ce irin na almaran sai wajen mataki na 17. Takobin nan kuwa irin na almaran ne, ɗan lido na nuna 20 kan abokin gaba ya bar wuyansa. Mako uku ka yi kana gina mugun bokanka, har murya ka ƙirƙira masa kana gwadawa gaban madubi. Bai gama gyaran murya ba aka jefa, 20 ta fito, kai ya gangara. An ce ka daɗe kana kallon takardunka, shayinka ya huce, sauran jaruman suna hamma da sandunansu na kara. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zub da ruwa.

Da ka tambaye ni, ubangidanka, da na tuna maka abin da kowane yaro ya sani: babu layar da ba ta da sharaɗi. Masu wasan ma haka suka tsara. Manyan kayan tsafi sai jarumi ya ƙulla alaƙa da su, kuma ba ya wuce uku a lokaci guda. Sandar jifa da wuta cajinta bakwai ne, da asuba ta ɗan farfaɗo. In ka ƙarar da na ƙarshe ka jefa, 1 ta fito, ta zama toka. Hannun Vecna kuwa, sai ka datse naka kafin ka dasa shi. Hatta takobin naka, a littafin na 2014, ba ya fille kan manyan dodanni masu ikon almara. Yana nan a rubuce, amma tun muna allo kai ba ka kai ƙarshen layi.

Yanzu na ji kana shirin turo ɓarawo ya sace takobin cikin dare. Kul! Kyautar da aka ƙwace gaba take haifarwa. Zauna da mai shi ku daidaita: takobin ya riƙa farkawa sannu a hankali, kowane ƙarfi da farashinsa, masu shi na asali su biyo sawu. Sauran 'yan teburin ma a ba kowa abin da zai yi tinƙaho da shi.

In ka dawo hutu, taho da ɗan lidon. Ni zan ba da labarin, kai ka riƙe mana fitila.