Ranar da Bilenda Ta Yi Yaji

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma, cikin azumi. An surfa wake an wanke, an yanka albasa da attaruhu, mai na kan wuta yana jiran ƙullun ƙosai. Aka danna bilenda. Shiru. Aka sake dannawa, ko tari ba ta yi ba. Baiwar Allah ta yi yaji ke nan, kuma daga nan zuwa kiran magariba kowa a gidan zai fito da salon bikonsa.

Wanda ke riga kowa isowa shi ne mai duka. Ba ya tambaya, ba ya dubawa. Zai kai mata mari a gefe, ya ɗaga ta ya girgiza, ya dire da ƙarfi. Da haka ya gyara rediyon babansa da rimot da fitilar caji, don haka a wurinsa duk kayan wuta jaki ne. Abin haushin, wani lokacin takan tashi. Da yawa daga cikin bilendojin yanzu suna da wani ɗan makunni ɓoyayye a bakin mazaunin kofin, wanda idan kofin bai zauna daidai ya danne shi ba, injin ba zai motsa ba, don kada wuƙar ta juya da yatsun mutum a kusa. Marin ne ya gyara wa kofin zama. Amma je ka faɗa masa. Shi dai ya san hannunsa na da albarka.

Uwargida kuwa ba gyara ne a gabanta ba, shari'a ce. “Wa ya taɓa min bilenda?” Tun kafin a amsa ta riga ta jera waɗanda ake tuhuma: 'yar aiki, autan gida, ƙanwar miji da ta zo hutu, da maƙwabciyar da ta are ta ranar suna wata biyu da suka wuce. Idan akwai abokiyar zama, an huta da bincike. Za ta ba ka tarihin na'urar tun daga ranar da aka sayo ta a Kasuwar Sabon Gari cikin kayan kicin, har kuɗinta a wancan lokacin da kuɗinta a yau, sannan ta rufe da “Ni dai jiya lafiya lau na ajiye ta.” Ba za ta ambaci cewa jiyan ta markaɗa aya da busasshen dabino kwano guda ba tare da jiƙawa ba.

A nan ya kamata a yi wa bilenda adalci. Wani Ba'amurke ɗan asalin Poland, Stephen Poplawski, shi ya ƙirƙiro ta a 1922, kuma don kaɗa madara da garin sha a shagunan lemo ya yi ta. Madara fa. Ita ce muka kawo muka ɗora wa waken alale da gyaɗar kunu da ɗanyar shinkafar waina. Da tana da baki, da tuni ta kai ƙara wurin mai unguwa.

Akwai kuma mai naci, wanda na fi jin tsoronsa a kan mai duka. Shi tasa bilendar ba shiru ta yi ba, gurnani take: “mmmm”, wuƙa ba ta juyawa. Wannan kukan yana nufin wuta na shiga amma wani abu ya riƙe wuƙar, ko kaya sun yi yawa ruwa ya yi kaɗan, ko ragowar markaɗen jiya ya bushe ya ƙame a gindinta. Maganin shi ne a zare fulogi, a rage kaya, a ƙara ruwa, a juya haƙoran ƙasan kofin da hannu a ga ko suna tafiya. Mai naci sai ya ƙara danne maɓallin da babban yatsa, kamar direban da motarsa ta kafe a yashi yana ta ba ta wuta. Can sai ƙauri ya tashi. Idan ya yi sa'a, na'urarsa na da abin da ke yanke wuta in inji ya yi zafi, ta huta kamar rabin awa ta dawo hayyacinta. In bai yi sa'a ba, kwayil ya ƙone, sai ya juyo yana cewa, “Kayan yanzu duk jabu ne.”

Sai babban baƙo, injiniyan gida. Maigida ne, ya karanta aikin banki ko Hausa ko shari'a, amma yana da testa guda da sukundireba mai karyayyen kai a cikin durowa. Zai naɗe hannun riga ya ce, “Ku ba ni wuri.” Bai duba soket ba. Bai jona wani abu a wurin ya ga ko akwai wuta ba. Bai buɗe kan fulogin nan mai ƙafa uku ya ga ɗan fiyus ɗin da aka rubuta wa 13A ba, wanda canza shi bai kai kuɗin ƙosan da ake jira ba. Kai tsaye ya kifa ta a tabarma ya fara kwance gindi. Bayan minti ashirin kicin ya zama tebur ɗin mai gyaran rediyo, yara na riƙe masa fitilar waya, shi kuma yana hura ƙura yana gyaɗa kai kamar ya gane wani abu. In ya mayar, sai noti uku su yi saura, ya ce dama na ƙawa ne. Wanda ya fi shi ilimi a cikin irin waɗannan injiniyoyi yakan gano fiyus ɗin, amma maimakon ya sayi sabo sai ya naɗe shi da zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Bilenda ta tashi, an yi masa tafi, ya cire mai gadin da ke hana gobara ya aje 'yar tsana a ƙofa. Garin neman gira ke nan.

Ɗan intanet ba ya cutar da kowa sai data. Zai tsaya a bakin ƙofa yana kallon wani mutum a YouTube na kwance wata bilendar da ba irin tasu ba, ya kai minti na tara yana jiran a zo wurin, sai magariba ta yi.

Ina tausayin mai tsarabar Amurka. Yayanta ya aiko mata da tsaleliyar bilenda, ta yi wata guda tana nuna wa baƙi a kwali. Wutar can bolt 120 ce, tamu 230. Ranar da ta jona ta ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, na'urar ta yi wani irin ihu na daƙiƙa biyar, ta yi “fat”, ta saki hayaƙi. Har yau tana saman kabad, ana goge mata ƙura.

Duk wannan hidimar, mutum ɗaya ce ranta fes: Inna, da ke zaune a kan tabarma da carbi. Tun ranar da aka kawo na'urar take jiran wannan rana. “Dutsen niƙana tun na aurena ne, bai taɓa tambayata wuta ba.” Za ta ƙara da cewa miyar bilenda ruwa ce tsululu, ba ta kamo ƙafar jajjagen turmi ba, kuma a wannan kam ina bayanta. Ita ce dai a ƙarshe za ta kwance bakin zani ta miƙa wa almajiri kuɗi: “Ungo, ruga gidan markaɗe kafin layi ya yi tsawo.”

Ba zan ɓoye ba, notin nan uku a durowata suke. Azumin bara ne. Na kwance, na hura, na mayar, na sake kwancewa. Tun farko 'yar autarmu mai shekara shida take jan rigata tana cewa, “Baba, Baba,” ina ce mata, “Yi mana shiru, manya na aiki.” Da na gaji na mayar da fulogi, na bar maɓalli a danne, na sunkuya ina leƙa cikin kofin da ke cike da wake, murfi na hannuna. Sai yarinyar ta taka kujera ta miƙa hannu bango, ta danna makunnin soket ɗin da uwarta ta kashe da rana lokacin da aka ɗauke wuta.

Bilenda ta tashi da ƙarfinta duka. Da ƙullu a gemu da gira na yi buɗa-baki, Inna na ta dariya har da tari.