Mutanen Zangon Wagadugu a Bakin Kogin Yapei

Daga tashar Wagadugu zuwa Po, duk wanda ya shigo motar Kumasi daga Zango kamili ne. A iyakar Paga kowa na ta takardunsa, a Tamale barci ya kwashe rabin mota. Sai an iso Yapei, bakin Farin Volta, direba ya ce a sauka a miƙe ƙafa, sannan kowa yake fito da halinsa.

Alhajin Tarihi ne farkon sauka. Zai gyara babbar riga, ya nuna ruwa da carbi, ya ce: “Yara, nan fa ƙasar Gwanja ce. Ta nan kakana ya ƙetare da jakunan goro daga Salaga.” Gwanja dai gaskiya ne, fataucin goro ma haka. Amma na lura kakan nan ya ƙetare a Yapei, ya sake ƙetarewa a Buipe, in an bi ta Boromo ma can ya ƙetare, kuma jakunan ƙaruwa suke da kowace gada. Wa zai yi wa Alhaji musu? Sai dai a ce, “Allah ya jiƙan maza, Baba.”

Bayansa Mai Hoto. Wannan bai ga kogi ba sam, don baya ya ba shi. Hannu a sama, baki a murɗe, ya roƙi masunci ya matsar da kwalekwalensa kaɗan. Kafin a koma mota duk Zango sun sani ta WhatsApp cewa yana “bakin teku”.

Sai Gwanin Iyo, wanda ya koyi sana'ar a madatsar Tanghin ta Wagadugu yana yaro. Har hula yake cirewa, ya ce rabin sa'a ta ishe shi ya kai waccan gaɓar. Da wani yaro ya ambaci kada, sai ya tuna yana da mura.

Wanda na fi tausayi shi ne Malam Lissafi. A gida mun saba ƙirga sefa da dala, biyar-biyar. A nan kuɗi sidi ne, kuma tun 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, amma wasu 'yan talla har yau da tsohuwar ƙidaya suke faɗin farashi. Mai soyayyen kifi ta ce masa dubu ɗari biyu. Malam ya dafe ƙirji, ya yi salati, ya ce, “Baiwar Allah, kifin zan saya ko kogin?” Sidi ashirin take nufi. Ya zaro waya ya mai da sidi sefa, ya mai da sefa dala, ya gwada da farashin kasuwar Rood Woko ta gida, ya sake bugawa don bai yarda da wayar ba. Kafin ya gama, wata Hajiya ta saye tiren gaba ɗaya.

Ita Hajiya ba kallo ya kawo ta ba. Ba ta ko ɗaga kai wajen gada. Busasshen tarwaɗa take juyawa, ta ƙwanƙwasa, ta shinshina, ta taya da Hausa, don a wannan hanya da wuya ka rasa mai jin ta.

Akwai kuma Mai Mamaki, wanda ke tsaye yana tafa hannu: “Ikon Allah! Ina ma muna da irin wannan a Burkina.” Ai namu ne, Kawu. Kogin da muke kira Nakambe ne ya gangaro nan, shi aka tare a madatsar Ziga, daga can ake turo yawancin ruwan da ka bi layi ka cika jarka da shi a famfon unguwa shekaranjiya. Kogunan Volta ne ma suka ba ƙasarmu tsohon sunanta, Haute-Volta, kafin Sankara ya canza shi a 1984. Ka faɗa masa haka, ya dube ka sama da ƙasa ya ce, “Haba ɗana, namu bai kai wannan daɗi ba.”

Direba ya danna oda sau uku, karen mota ya ƙirga kai ya ga saura ɗaya. Wani dattijo ne ya gangara alwala, ya gamu da ɗan garinsu na Katsina, suna can sai gaisuwar iyali suke. Kwandon kifin Hajiya kuwa an ajiye shi ƙarƙashin kujerar Malam Lissafi, shi zai sha ƙamshin har Kintampo.